Buhu Sittin, Tsibi Nawa?

Tirelar ta iso Inugu da asuba, bayan kwana biyu a hanya daga Dawanau, aka hau sauke wake tun rana ba ta yi zafi ba. Rumfar kawuna tana wajen Gariki, a Awkunanaw, inda 'yan Arewa suka daɗe suna sauke dabbobi da kayan abinci. Hutun makaranta ne ya kai ni can, aikina kuwa riƙe littafi: 'yan dako su ɗora buhu a kan sikeli, yaron rumfa ya faɗi nauyi, ni in rubuta. Buhu sittin ne rabon Kawu a motar, kowanne an saye shi a kan kwano arba'in, wato wajen kilo 100.

Ba wanda ya sa ran kowane buhu zai buga 100 cif. Hannun ma'auni yakan ɗan yi nauyi a wannan kwano ya sassauta a na gaba, wani waken ya fi wani bushewa, akwai ƙura, akwai 'yan ƙwayoyin da suka zube wajen ɗinki. Ƙananan dalilai ne masu yawa, wasu suna ƙarawa wasu suna ragewa, galibi kuma sukan cinye juna. Shi ya sa idan ka jera nauyin buhuna masu yawa da suka fito daga hannu ɗaya, ka yi wa kowanne ɗigo a gaban lambarsa, siffar da za ta fito ita ce ta hatsin da aka juye a kan tabarma: tudu a tsakiya, yana gangarowa dama da hagu daidai wa daida, gefe kuma 'yan ƙwayoyi jefi-jefi. Masana ƙididdiga sun daɗe da sanin wannan siffa. Abraham de Moivre ya fitar da lissafinta a 1733, Bajamushen nan Carl Gauss ya yi aiki da ita a 1809 wajen kurakuran awon taurari, har sunansa ya bi ta. Mu kira ta tsibin Gauss. Lamba biyu ce ke bayyana tsibin nan kaf: inda tsakiyarsa take, da kuma faɗinsa, wato yadda ya bazu. Wajen 68 cikin 100 na abin da aka auna ba ya wuce faɗi ɗaya daga tsakiya, wajen 95 kuma ba ya wuce faɗi biyu.

Da muka gama awo na yi ɗige-ɗigena a bayan littafin, kilo-kilo, daga 94 zuwa 103. Abin da ya fito bai yi kama da tsibi ɗaya ba. Ɗigo ya taru a 96 da 97, ya yi ƙaranci a 98, ya sake taruwa a 100 da 101. Tozo biyu, kamar an jera shanu biyu gefe da gefe. Yaron rumfa ya leƙo, bai ko tsaya tunani ba ya ce, "Alhaji, wallahi an taɓa kayan nan a hanya. Waɗannan na ƙasan an tsakure su." Ni ma abin da ke raina ke nan. Kawu ya karɓi littafin ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini ya ce, "To, ɗana, da a ce ba wanda ya taɓa su, yaya shafin nan zai kasance?"

Ban iya ba shi amsa ba a ranar. Sai bayan shekaru, da na zauna ajin ƙididdiga, na tarar tambayar tasa ita ce ƙashin bayan wani reshe guda na ilimin, wanda ke gwada ko tarin lambobi daga tsibi ɗaya ya fito ko gaurayen tsibi biyu ne ko fiye. Na kuma tarar tana cikin tambayoyin da suka fi wahalar da masanan.

Dalilin da ya sa Kawu bai yi gaggawa ba, kowane mai zaman Kudu ya san shi. Bahaushen da ke kasuwanci a Inugu ko Anacha ko Fatakwal kayansa suna tafiyar ɗaruruwan kilomita a hannun mutanen da ba ya gani: dillalin da ya saya, ma'aunin da ya auna, direba da yaran mota. Jarinsa amana ce, a wajen 'yan uwansa da wajen masu gari baki ɗaya. Dattawan zango sukan tuna da Malam Umaru Altine, falken shanu daga lardin Sakkwato, wanda mutanen Inugu suka zaɓa magajin garinsu na farko a shekarun 1950, su ce yarda ce ta kai shi. A irin wannan zama, ka ɗora wa direba sata a kan ɗigo sittin ba ƙaramin abu ba ne. Magana za ta kai wajen Sarkin Hausawa, ta kai tasha, ta riga motar komawa Kano. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle bai zama ba.

Abu na farko da ke yaudarar mutum shi ne idonsa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma haka ne a kan tsibin da ke gabanka. A kan ɗige-ɗige kuwa ido yana da saurin ganin tozo. Da yamma na sake jera lambobin nan uku-uku maimakon kilo-kilo, sai kwarin da ke tsakiya ya kusa shafewa. Da na jera su rabin kilo-rabin kilo, tozo huɗu na gani. Lambobin ba su canza ba, tsani na ne ya canza. Ga kuma wata ɓaraka da na lura da ita washegari: allurar sikeli in ta tsaya tsakanin 99 da 100, bakin yaron rumfa 100 yake faɗa, don ta fi daɗin faɗa. Wannan ɗabi'a kaɗai ta isa ta gina tudu a inda babu shi.

Manyan likitoci ma sun yi tuntuɓe da wannan dutse. A ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960 an tafka muhawara a Ingila tsakanin Robert Platt da George Pickering a kan hawan jini. Platt yana ganin mutane kashi biyu ne, masu ciwon da suka gada da marasa shi, yana kafa hujja da tozo biyu da ya gani a lambobin awon jini. Pickering ya ce tsibi ɗaya ne mai doguwar jela, masu hawan jini su ne kawai na can gefen sama. Cikin abubuwan da suka raunana hujjar Platt har da son da masu awo ke yi wa lambobin da suka ƙare da sifili. Yau galibin likitoci ra'ayin Pickering suke bi, shi ya sa iyakar da ake cewa daga nan jini ya hau yarjejeniya ce aka yi, ana kuma sake duba ta lokaci-lokaci.

Wanda ya fara kama matsalar da lissafi sosai shi ne Karl Pearson na Landan, a 1894, kuma a kan ƙaguwa ya yi. Abokinsa masanin dabbobi, W. F. R. Weldon, ya auna ƙaguwa 1,000 daga gaɓar tekun Naples a Italiya, faɗin goshin kowace idan aka gwada da tsawon jikinta. Tsibin ya fito a karkace, ba daidai wa daida ba. Weldon ya yi zaton ko iri biyu ne ke shirin rabuwa. Pearson ya ce to a ƙaddara tsibin Gauss biyu ne aka juye wuri ɗaya. Abu biyar ke nan ba a sani ba: tsakiyar na farko da faɗinsa, tsakiyar na biyu da faɗinsa, sai kason kowanne a cikin gaurayen. Don ya fitar da su sai da ya warware wani lissafi mai hawa tara, da hannu, babu kwamfuta. Ya samu kaso wajen 41 da 59 cikin ɗari. Wahalar aikin ta sa mutane ƙalilan ne suka bi sawunsa na tsawon shekaru, sai da kwamfuta ta zo, sannan a 1977 Dempster da Laird da Rubin suka tsara hanyar da ake kira EM, wadda kusan kowa ke amfani da ita yanzu.

Hanyar EM ba ta da nisa da abin da dillali mai hankali zai yi. Zai fara da kintace: a ce akwai buhunan 96 da buhunan 100. Sai ya bi buhu ɗaya-ɗaya yana cewa wannan mai 95 kusan tabbas na rukunin farko ne, wannan mai 102 na biyu ne, wannan mai 98 kuwa rabi da rabi. Sai ya sake fitar da tsakiyar kowane rukuni bisa wannan rabon, ya koma kan buhunan ya gyara rabon, ya sake fitar da tsakiya, haka har lambobin su daina motsi. A lura da buhu mai 98. Lissafi ba zai taɓa ce maka ga rukuninsa ba, iyakarsa ya ba ka kaso.

Sai dai EM, in ka ce mata ta raba biyu, za ta raba, ko da abin ɗaya ne. Nan ne gizo ke saƙa. Je ka Ose a Anacha, bakin Kwara, ka tsaya wajen masu albasa da safe. Mutum zai kwance buhu guda, na gona ɗaya daga Aliero, ya zauna yana kasawa: manya nan, ƙanana can, kowane kashi da kuɗinsa. Kafin hantsi ga tsibi biyu masu kyau, kowanne 'ya'yansa sun fi kama da juna fiye da yadda suke a buhu. Wannan bai nuna gona biyu ba ce. Duk abin da ka raba biyu zai fi zama daidai a kan lambobinka, ka raba uku ya ƙara, ka raba sittin kowane buhu ya zama rukunin kansa, ba saura ko kaɗan. Don haka cewa bayanin tsibi biyu ya fi na ɗaya dacewa da lambobi ba hujja ba ce. Abin tambaya shi ne da nawa ya fi, kuma ko fifikon ya wuce wanda kasawa kawai ke kawowa.

Masana suna da ma'aunin da suka saba gwada irin wannan fifiko da shi. A 1938 Samuel Wilks ya nuna cewa idan ka gwada bayani mai sauƙi da wanda ya fi shi sassa, akwai jadawali tsayayye da zai gaya maka yawan fifikon da sa'a kaɗai ke iya bayarwa. Jadawalin yana aiki a wurare da yawa, amma a kan gauraye ba ya aiki, kuma dalilin yana da daɗin fahimta. Maganar "tsibi ɗaya ne" ana iya faɗinta ta fuska biyu a harshen gauraye. Kana iya cewa buhu biyu aka juye amma na gona ɗaya ne, tsakiyarsu ɗaya, faɗinsu ɗaya. To a nan tambayar kason kowanne ba ta da amsa, ko 10 da 90 ka ce ko 50 da 50 duk ɗaya ne. Kana kuma iya cewa buhu na biyun fanko ne. To a nan tambayar girman albasar da ke cikinsa ba ta da amsa. Lissafin Wilks yana bukatar kowace tambaya ta kasance da amsa guda, a nan kuwa ƙasa ta zame masa. John Hartigan na Jami'ar Yale ya nuna a 1985 cewa ko da tsibin ɗaya ne tak, in ba a yi wa tsakiyar rukuni na biyu iyaka ba, lambar fifikon tana ci gaba da hawa sannu a hankali yayin da ake ƙara yawan abin da aka auna. Wanda ya ɗauki tsohon jadawalin ya ɗora a nan zai riƙa ganin algus a kayan da ba a taɓa ba fiye da yadda yake tsammani.

Akwai ma wani rami da Kiefer da Wolfowitz suka hango tun 1956. In ka bar kowane rukuni ya zaɓi faɗinsa yadda ya so, lissafi yana iya kama buhu ɗaya tilo ya ce wannan rukuni ne mai zaman kansa, faɗinsa sifili, sai makin dacewa ya tashi babu iyaka. Wake ɗaya ya ɓata gari ke nan a zahiri. Dole mai aiki ya kafa wa faɗin ƙa'ida, ko ya ci tarar duk rukunin da ya tsuke fiye da kima, kamar yadda Jiahua Chen da Pengfei Li suka yi a gwajin da suka wallafa a 2009.

Mafitar da ta fi kwanta mini a rai ita ce wadda Geoffrey McLachlan na Jami'ar Queensland a Ostireliya ya bayar a 1987, domin amsa ce kai tsaye ga tambayar Kawu. Tunda babu jadawali, ka ƙera naka. Ka ɗauki tsakiya da faɗin buhunanka sittin kamar tsibi ɗaya ne. Ka sa kwamfuta ta yi maka lodin mota ta gaskiya, buhu sittin daga wannan tsibi ɗayan, babu hannun kowa. Ka raba su biyu da EM, ka rubuta fifikon da aka samu. Ka sake lodi, ka sake, har sau dubu. Yanzu kana da shafi dubu na motocin da ba a taɓa ba, wasu a cikinsu za su fito da tozo biyu don sa'a kawai. Sai ka ajiye shafinka na gaske a gefensu. In motoci 300 cikin dubun nan sun kai naka rabuwa, ba ka da magana. In 5 ne kawai suka kai, to da wuya kayanka su kasance daga hannu ɗaya. A al'ada ana sa iyaka a 5 cikin 100, amma wannan ma yarjejeniya ce, kuma ni a ganina wanda zai tuhumi mutum ya kamata ya nemi abin da ya fi haka ƙarfi.

Ɗaya gefen kuma bai kamata a manta da shi ba: rashin ganin tozo biyu bai wanke kaya ba. In rukuni biyu yawansu ɗaya, faɗinsu ɗaya, ba za su nuna tozo biyu ba sai tazarar tsakiyarsu ta wuce faɗi biyu. Ƙasa da haka, tudu ɗaya za ka gani, mai ɗan faɗin kai. An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa tsayin maza da mata in an haɗa yana ba da tozo biyu, sai a 2002 Schilling da Watkins da Watkins suka duba alƙaluman Amurka suka nuna tazarar ba ta kai ba. Haka in gab da Layya aka ba ka nauyin ragunan da aka sauke a Amansea ko Lokpanta a takarda, ba ka ga kunne ko ƙaho ba, ƙaton Yankasa da matashin Uda za su haɗu a tsakiya su cike kwarin. Mai algus da ya san aikinsa ma kaɗan yake ragewa.

Sai kuma karkata, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Albasar da ta taso daga Sakkwato zuwa Fatakwal tana barin busasshiyar iska ta shiga ƙasar ruwa. Wasu buhunan suna sama rana na dukansu, wasu suna ƙasa an danne su, wasu sun fara ruɓa kaɗan, wasu da yawa. Nauyinsu zai fito da doguwar jela ta gefen ƙasa, ba don rukuni biyu ba ne, sai don lalacewa hawa-hawa ce. Gwajin gauraye ya ginu ne a kan cewa kowane rukuni tsibin Gauss ne. Ka ba shi tsibi ɗaya karkatacce, zai ce maka biyu ne, har ya ba ka kason kowanne da ƙarfin gwiwa. An yi wa ƙaguwar Naples ma wannan tambayar daga baya. Lissafi ba zai raba maka wannan gardama shi kaɗai ba, sai wanda ya san albasa da hanya.

Inda rukunin na gaske ne kuwa, gano shi yana ceton rai. Akwai wani sinadari a jan jini da ake kira G6PD, ƙarancinsa gado ne, kuma ya yawaita a Najeriya. In aka auna ƙarfinsa a maza, tsibi biyu ne rabe sarai, masu shi da marasa shi, domin ƙwayar gadon tana kan kromosom X, namiji kuma guda ɗaya gare shi. A mata, masu X biyu, lambobin sun bazu sun cike tsakiya, iyaka ta yi wuyar sawa. Wanda ke rukunin ƙasa, wasu magunguna irin su primaquine suna iya farfasa masa jini, jaririn da ke da ƙarancin kuma ƙwallon kafur ɗin da ake sawa cikin akwatin tufafi yana iya jawo masa shawara mai tsanani. A nan an san dalilin rabuwar tun daga tushe, lissafi ya zo ne ya nuna inda za a ja layi. Wannan shi ne gaurayen da nake amincewa da shi ba tare da ɗar ba.

Kawu bai kira direba ba. Da dare, bayan Isha'i, ya buga wa mutumin da ke yi masa saye a Arewa, suka gaisa, ya tambayi iyali da damina, sannan ya ce, "Malam, waken nan duk kasuwa ɗaya ka haɗa shi?" Mutumin ya ce a'a, bai samu sittin a wuri ɗaya ba, talatin da 'yan kai ya auna a wata kasuwar ƙauye ranar Laraba, ragowar ya cike a wata kasuwar ranar Juma'a, ya kai su Dawanau aka yi lodi. Kwanon kasuwa ta biyun ya ɗan fi ƙanƙanta, kowa a yankin ya san haka, farashinsa ma ya ɗan fi sauƙi, kuma ya rubuta hakan a takardar da ya ba yaron mota, wadda har lokacin tana aljihun yaron. Na yi lissafin a gefen shafi: gram 100 a kowane kwano, sau arba'in, kilo 4. Tazarar da ke tsakanin tozon nan biyu ke nan.

Kawu ya roƙe shi abu ɗaya, cewa daga yau duk buhun da zai turo a shafa masa alamar kasuwar da aka auna shi. Mota ta gaba ta zo da buhuna masu jan fenti a kunne da masu shuɗi. Na raba shafin littafin gida biyu da rula kafin 'yan dako su ɗora na farko a sikeli, na kuma matsa kusa da allurar ina karanta lambar da kaina.